Hannatu, Wadda Ta Ƙi Faɗaɗa Gidajen Taswira

Kullum da safe Hannatu Ishaku takan sauka daga keke napep a Sharada, ta hau bene zuwa wani ɗan ofis mai taga ɗaya, ta tarar da kwalaben ruwa a jere suna jiranta. Musbahu, abokin aikinta, shi ke zagaya rijiyoyin bayan kamfanonin fata na Challawa a kan babur yana ɗebo su. A auna gubar da ke cikin kowace kwalba, a nuna inda aka ɗebo ta, sauran aikin kuma nata ne.

Manhajar da ta rubuta tana yanka taswirar yankin gida-gida, kamar ramukan dara. Kowane awo ya faɗa gidan da rijiyarsa take, ɗauke da nauyin gubarsa. Manhajar ta haɗa nauyin, ta raba da yawan awon da ke gidan, sai gidan ya zama ɗigo ɗaya a hoto: kore in ruwan lafiya ne, ja in guba ce. Shekara da shekaru tana wannan aikin, ko a Kumbotso, inda rijiyoyin suke, ba wanda ya san da ita.

Bara wani ɗigo ya fito ja wur a tsakiyar koraye. Rijiya ce guda, a wata unguwa da leburorin kamfani ke haya, kuma ruwanta yaransu ke sha. Musbahu yana wurin sa'ad da wakilin kamfanin fatar da ya ba su aikin ya ga hoton. Mutumin bai ce a goge komai ba, wayonsa ya wuce nan.

"Madam, gidajen nan sun yi ƙanana," in ji shi. "Ki ɗan faɗaɗa su mana, hoton zai fi kyau."

Hannatu ta gane inda ya dosa. In gida ya faɗaɗa, rijiyar za ta shige cikin maƙwabtanta masu tsabta, a raba gubarta da su, ja ya koma kore. Ba a taɓa lamba ko ɗaya ba, ba kuma wanda zai ce an yi ƙarya.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "yaran nan ba sa gauraya ruwan rijiyoyin unguwa kafin su sha. Wannan ɗin suke sha."

Ta miƙa hoton yadda yake, ta kai wa mai unguwa nasa. Aka toshe rijiyar da siminti. Kamfanin ya janye aikinsa, ofishin ya kasa tsayuwa, ƙarshen watan nan za a rufe shi, Hannatu kuma za ta tattara ta koma gida Kafanchan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an makara. Rumaisa, 'yar Malam Uba mai gadi, ɗaya daga cikin yaran da ke shan ruwan, ƙodarta ta riga ta taɓu, an binne ta kafin babbar sallah.

Ke ce, Hannatu, kika hango yara a cikin ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba. Ke ce aka miƙa wa ƙarya mai tsabta, wadda ba mai kama ki da ita, kika ce ba kya so. Ku kuma masu zama gaban kwamfuta a Bompai da Sharada, ranar da aka ce ku faɗaɗa gida, ku fara tambayar su wa ke zaune a cikinsa.

Makon jiya na je unguwar. Mata sai sun yi tafiya mai nisa da jarkoki kafin su kai famfo. Na ji ɗaya ta sauke jarka tana haki tana cewa, "Allah ya isa tsakaninmu da matar kwamfutar nan da ta sa aka rufe mana rijiya!" Ɗanta yana goye a bayanta, ɓul-ɓul, yana barci.

Ba ta san sunanki ba, Hannatu, ba kuma za ta gode miki ba. Na gode miki a madadin yaron.