Yislam Maƙeri da Bindigogi Biyu na Akwati Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, takwas ga Rajab 1401, wato sha biyu ga Mayu 1981, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Yislam bin Faraj, maƙerin Wadi Dahman. A nan Lackawanna, ƙetaren teku, labarin bai same ni ba sai bayan mako uku, a cikin kaset ɗin da 'yarsa Ganiya ta aiko ta hannun wani matafiyi, haɗe da wani ɗan ƙunshi mai nauyi ɗaure da tsumma. Na dawo daga masana'antar ƙarfe ranar Alhamis, ko takalmi ban cire ba na kunna. Na ji muryarta tana cewa: "Yaya Muhsin, Baba ya tafi. Ya ce a fara gaya maka kafin kowa, don ka fi kowa jiran wannan rana."

A nan na kashe kaset ɗin. Bai yi ƙarya ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan da na rantse masa cewa ba zan nemi jinin yayana Sabit ba muddin yana numfashi. Yanzu numfashin ya tsaya, kuma wanda ya harbe Sabit yana nan da ransa.

Baba Yislam. Ka ji na kira ka Baba. Kana raye ban taɓa yi ba, domin a wurinmu ɗan ƙabila mai rataya wuƙa ba ya kiran maƙeri haka. Muna shan gahawarka, muna kawo maka garmarmu, amma ba ma zama da kai a shimfiɗa ɗaya ranar taro. Wannan wautarmu ce, kuma na ga irinta a kaina da na zo ƙasar da ni ne ake gudun zama kusa da ni a mota.

Kai ne ka cire mini haƙori da awartaki ina ihu, kana cewa, "Buɗe baki, ɗan Haidara. Jarumtarku duk a waƙa take." Shekarar da fari ya kashe dawa, kai ne ka riƙa aiko wa mahaifiyarmu gari a cikin tukunyar da ka ce ka gyara mata, alhali tukunyar ba abin da ya same ta. Sau huɗu tukunyar nan ta je gyara. Mahaifiyarmu ta rasu tana faɗin wannan. Ba ka taɓa ƙin buɗe maƙerarka ga kowa ba, na sama da kwari ko na ƙasa, kuma daga nan ne abin da zan faɗa ya samo asali.

Matasanmu da aka haifa a nan ba su san yadda aka yi ba, to bari su ji.

Tsakanin gidanmu, gidan Haidara, da gidan Rajih, rigimar ruwa ce tun kakanni. Su ne a sama. Idan kwari ya kawo ruwa, gonakinsu ke fara sha, sa'an nan a fasa datsiyar ƙasa ya gangaro mana. Kowace shekara sai an yi gardama kan ranar fasawa. A zagi juna, a ɗaga sanda, wani lokaci a fito da bindigogin toka irin na da. Kai da kanka kake cewa bindigar toka mai hankali ce: kafin mutum ya gama ɗura ta, fushinsa ya huce, ko surukinsa ya iso ya riƙe shi.

Sai wani Bature ya fara hawowa daga Adan, birnin bakin teku da ke hannun Turawa, wanda aka ɗora wa kula da sarakunan tudu. Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ya iya Larabci har da karin magana, yana cin abinci da hannu, yana tambayar lafiyar dattawa da sunayensu. Ya kawo wa Sultan, sarkin yankinmu, agogon zinariya, da takobi mai kube na azurfa, da albishir cewa za a harba masa igwa tara duk ranar da ya sauka Adan. A bayan waɗannan kuma akwai akwatuna dogaye cike da bindigogin zamani. Kyautar girmamawa ce, in ji shi, daga aboki zuwa aboki. Sultan ya raba wa waɗanda yake so, mu muka sami ashirin. Ina da shekara ashirin da biyu, na rungume tawa kamar amarya.

Ba a yi wata biyu ba muka ji gidan Rajih ma sun sami irinsu. Suka ce saye suka yi wurin 'yan fasa-ƙwauri na bakin teku.

Ranar da rabonmu na ruwa ya kama, Sabit ya tafi fasa datsiya da fartanya a kafaɗa. Fartanya kawai. Mukbil bin Rajih yana kan dutse, nesa, inda bindigar toka ko rabin hanya ba za ta kai ba. Daga baya ya rantse cewa tsoratarwa ya yi niyya. Mai yiwuwa gaskiya ne. Ni dai abin da na sani, na ciro yayana daga cikin taɓo, ruwan da ya fasa yana bi ta kansa yana gangarawa gonarmu.

Cikin wata biyar aka binne mutum sha ɗaya, biyar namu, shida nasu. Ba zan wanke kaina ba. Ni ma na harba, kuma ban san inda duk harsasaina suka faɗa ba. Duk wanda harsashinsa ya ƙare, ya san ƙofar da zai je ya durƙusa. Sultan ya aika Adan neman ƙari, Mai Lofe ya zo da takarda a sa hannu, ya yi mana ta'aziyya da Larabcinsa mai daɗi.

Da wani Sayyid, wato sharifi, ya shiga tsakani, aka bi al'ada: kowane ɓangare ya ajiye bindiga ɗaya jingina a hannun wanda ba ya cikin faɗan. Aka karɓi tawa, aka karɓi ta Mukbil, aka ce a kai wa maƙeri. Kowa ya ɗauka za ka karɓa ka koma bayan taro inda ka saba tsayawa. Sai ga ka a tsakiyar fili, ka shimfiɗa su gefe da gefe.

Wani dattijonmu ya ce, "Yaushe maƙeri ya fara magana a taron masu wuƙa?"

Ka ce, "Tun ranar da masu wuƙa suka fara cin dusa a hannun baƙo, ranka ya daɗe. Ni ban iya karatu ba. Sayyid, taimaka ka karanta mana abin da aka buga a jikin ƙarfen nan."

Ga yadda ka gano. Bindigogin sun zo cikin maiƙo, kowa kai ya kawo wa ka wanke masa, namu da safe, nasu da yamma. Duk kamarsu ɗaya. Don kada ka ba wani ta wani, sai ka riƙa kwaikwayon lambar kowace da gawayi a bangon maƙera, ka zana shaidar raƙuman mai ita a gefe. Ba ka san sunan lambobin ba, amma idon da ya shekara arba'in yana auna ƙarfe ya ga suna bin juna kamar tumaki.

Sayyid ya karanta. Tawa dubu biyu da ɗari huɗu da sha bakwai. Ta Mukbil dubu biyu da ɗari huɗu da sha takwas.

Ka ce, "Tagwaye ne. Ciki ɗaya suka kwanta. Wanda bai yarda ba ya zo ya duba bangona, arba'in ne cif, ɗaya taku, ɗaya tasu."

Shehun gidan Rajih, wato shugabansu, ya miƙe tsaye. Sa'an nan ya faɗa da bakinsa: ba wani ɗan fasa-ƙwauri. Mai Lofe ne ya ba su ashirin, ya ce kada Sultan ya ji, don shi ma abokinsu ne.

Kowa ya yarda da sulhu a ranar, ban da ni. Na ce akwati bai hau dutse ba, Mukbil ne ya hau. Sai ka ja ni gefe, kana tari, ka ce, "To rantse mini da abu ɗaya. Muddin ina numfashi. Dube ni, hayaƙi ya gama cinye ƙirjina. Saura nawa? Shekara biyu? Uku in Allah Ya yi tsawon rai." Na dube ka, na ga ƙashin wuyanka a waje, na ɗora hannu a kan Alƙur'ani.

Ka cuce ni, Baba. Shekara ashirin da huɗu ka yi.

Na kasa zama ina ganin Mukbil a kasuwa yana taya akuya. Na gangara Adan, na shiga jirgin ruwa ina aiki a ɗakin inji, daga nan na faɗo wannan gari mai ƙanƙara, inda nake narka ƙarfe kamar kai, ni da na raina sana'arka. Da zamanin kaset ya zo, duk wanda Ganiya ta aiko sai ka sa baki a ƙarshe: "Ɗan Haidara, har yanzu ina nan. Yau gurasa uku na ci da zuma. Ka gaida sanyi." Wallahi wani lokaci dariya nake yi, wani lokaci sai in ji kamar in jefa rediyon ta taga. Na yi aure, na haifi 'ya'ya huɗu, duk a cikin jiran mutuwarka. Sai yau na lissafa cewa ba don kai ba da babu ko ɗayansu.

Su kuwa fa? Sultan ya gudu shekarar da Turawa suka tattara suka tafi, da agogonsa da takobinsa, yana can wata ƙasa ana yi masa fifita. Mai Lofe ya yi ritaya a wani gari na bakin teku a Ingila. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a can ya gan shi a wani zaure yana ba tsofaffi labarin abokansa Larabawa masu karamci, yana nuna wuƙaƙen da aka ba shi kyauta. Cikinsu akwai ta kawuna. Ɗan'uwan nan ya bi shi har ya ga ƙofar gidansa, ya rubuto mini adireshin. Ba wanda ya taɓa tambayar mutumin nan komai. Furanni yake shukawa.

Jama'armu ta nan duk sun san rantsuwata, kuma sun san Abdurabbu, babban ɗan Mukbil, yana aiki a masana'anta ɗaya da ni shekara shida ba mu taɓa gaisawa ba. Washegarin isowar kaset Juma'a ce. Ba zan ɓoye ba, da safen nan na riga na tambayi ranar tashin jirgi. Bayan an sallame, liman ya sanar da rasuwarka, kowa yana satar kallona. Abdurabbu ya taso, ya cire mayafin kafaɗarsa, ya shimfiɗa a gabana, alamar neman sulhu a al'adarmu.

Ya ce, "Kawu, tsohona ya makance, sai an riƙe masa hannu yake zuwa bayan gida. In jini kake so, ga ni, ni ne babba. Kada ka wahalar da kanka da tafiya."

Na ce, "Wa ya ce maka ni kawunka ne?"

Na tsallake mayafin na fita. Aka ce mini ba wanda ya taɓa shi, shi ma bai tashi daga wurin ba.

A gida na kwance ƙunshin da na ƙi buɗewa. Guntayen ƙarfe biyu ne, ka yanko su daga jikin bindigogin nan, kowane da lambarsa. Na kunna sauran kaset ɗin. Ganiya ta ce da hannunka ka yanke su wata guda kafin ka kwanta, kwana uku kana gurzawa kana hutawa. Sai ga muryarka, da ƙyar take fita: "Ɗan Haidara, na sake ka. Ban ƙara ɗaure ka da komai ba. Amma mai bin jini ya bi shi har ɗakin da ya fito. Kada ya tsaya a zaure ya kashe mai gadi."

Ko a bakin kabari ba ka bar ni na yi abin da nake so ba.

Na koma masallaci da la'asar. Abdurabbu na nan zaune inda na bar shi. Na ɗauki mayafin na jefa masa a kafaɗa. Na ce, "Ka aika wa makahon ubanka ya yi barcinsa. Kada ya ce na yafe, ban yafe ba, akwai ranar da zai tsaya gaban Sabit. Amma hannuna ba zai zo masa ba, ba kuma hannun 'ya'yana." Na faɗa a gaban shaidu, ina maimaitawa a nan a rubuce.

Amma jinin ban zubar da shi ƙasa ba. Na ɗauke shi ne na kai ɗakin da ya fito. Ran Litinin na ɗora farar takarda a kan ƙarafan nan biyu, na goga gawayi har lambobin suka fito, kamar yadda suke a bangonka. A ƙasa na rubuta sunaye sha ɗaya, namu da nasu a haɗe, da Larabcin da yake alfahari ya iya. Na aika gidan mai furanni. Haka zan yi duk watan Rajab har ɗayanmu ya mutu, in ni na riga shi, babban ɗana ya san inda ƙarafan suke. Ba na roƙon Allah Ya gajarta masa kwana. Ina roƙo Ya ja kwanansa da hankalinsa garau da idonsa garau, ya riƙa jin ƙarar akwatin wasiƙa gabansa na faɗuwa. Sultan kuma, da duk wanda ya karɓi agogo ya ba da mutane, Allah Ya isa. Allah Ya isa. Allah Ya tara mu da su a filin da ba a harba wa kowa igwa.

Ya Allah, ga bawanka Yislam bin Faraj ya zo maka. Bai iya karanta harafi ko ɗaya ba, amma ya hana kwari guda ƙarewa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa shi bayan shekarun da ya yi gaban wuta. Ka zaunar da shi a sahun gaba, shi da muka tsayar a bayan taro.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ganiya da 'yan'uwanta, da jikokinsa, da mutanen Wadi Dahman na sama da na ƙasa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu. Ganiya, roƙona ɗaya: in bangon maƙerar nan yana tsaye, kada a shafe shi da farar ƙasa.

Ka huta, Baba. Ka riƙe ni shekara ashirin da huɗu da numfashinka, yanzu ga shi babu numfashin, kuma har yanzu ban kuɓuce maka ba.

Muhsin bin Haidara
Lackawanna, Sha'aban 1401