Ƙafar Mma Hajara

'Ya'yana, kafin in lalace ni mai koko ce a Moshi Zongo, uwar yara uku, ba wanda ya taɓa jin kaina da kowa. Wata rana na tsinci takardar asibiti a bakin kwata. Na nuna wa wata hajiya, na ce ɗana ne ke kwance. Ta tausaya, ta ba ni kuɗi. Ban yi wata biyu ba na kife tukunya, na koma bin masallatai da gidajen suna, daga Gurugu har Bulpiela, ina kukan ƙarya. Ranar da aka gane ni, alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ɗakinmu a kurkuku ya cika, in za ki juya sai ta gefenki ta juya. Ga zafi, ga ƙazwa, ga bokitin bayan gida a lungu. Nas na zuwa ranar Talata kawai, ta ga mutum biyar ta tafi. Shugabar ɗaki ke rubuta sunaye. Wadda nas ta gani takan samu hutun ɗibar ruwa.

Kusa da ni akwai Mma Hajara, tsohuwa mai tallar nono, tana jiran shari'a kan rigimar shanu da gona. Tana da ciwon sukari, kuma ƙusa ta soke ta a ƙafa. Sunanta ya shiga na biyar.

Ni kuwa na gaji da ɗaukar ruwa. Na tauna jan goro, na tofa a tsumma, na kama tari.

Shugabar ɗaki ta ce, "Jini! Matsa can, kada ki ƙarasa mu!" Ta goge sunan Mma, ta sa nawa.

Mma ta ce, "Je ki, ɗiyata. Ƙafa za ta jira."

Na samu ƙwaya biyu da hutun kwana uku. Talatar gaba nas ba ta zo ba. Ta bayanta, ƙafar ta yi baƙi, warinta ya hana mu cin tuwo. Sai da muka yi ta dukan ƙofa aka samo mota aka kai ta asibiti. Aka dawo da ita an yanke daga gwiwa.

Na durƙusa na gaya mata gaskiya.

Ta ce, "Na sani. Ba ni na ba ki goron ba? Na ɗauka kin fi ni gajiya ne."

Ni nake goya ta zuwa wanka har ranar da aka sake ni. Na tuba, ta kuma ce ta yafe, amma har yau ban ji nauyin ya sauka ba.

'Ya'yana, kada ku saba wa bakinku da ƙarya, ko ƙarama. Tun a waje na saba, shi ya sa a ciki ban ko tsaya tunani ba. Ni na fito da ƙafafuna biyu. Ita a keken guragu aka kai ta kotu.