Kantun 'Yan Boko

Da na gama wankan jego a gidanmu na Tudun Wada, aka mayar da ni ɗakina a Nassarawa GRA da jaririya, da buhun garin kunu, da yaji gwangwani biyu. Haya muke yi a wani ƙaramin gida da ke bayan wani babban gida, ɗaki biyu da falo, sai bishiyar mangwaro a bakin ƙofa. A gidanmu ban taɓa riƙe yarinyar na minti goma a jere ba, wannan ta karɓa, waccan ta goya, kunun kanwa yana zuwa tun ban nema ba. A nan kuwa, idan maigidana ya fita aiki da ƙarfe bakwai, ba na ƙara jin motsin mutum sai na mai gadi idan yana buɗe get.

A lokacin na san mutum yana iya manta cin abinci. Na ɗora ruwan shayi, ta farka. Na ba ta nono, ta yi tumbuɗi, na canza mata kaya, na jiƙa wanki. Kafin in waiwayi shayin ya huce, an kira azahar.

Wata Talata ina shanya a bayan gida, tana goye, sai na ga igiyar ta zama biyu. Na dafa bango na sulale na zauna a ƙasa. Shingen furanni ne kawai ya raba mu da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista 'yar Zariya, wadda ta yi ritaya daga koyar da girke-girke a makarantar 'yan mata. Gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu kafin ranar. Ban san lokacin da ta zagayo ba, sai ji na yi tana kwance mini goyon.

"'Yata, me kika ci yau?"

Na shiga lissafi tun daga asuba, ban tuna ko loma ɗaya ba.

"To, na ji amsa," in ji ta.

Ta koma gidanta da yarinyar a kafaɗa, ta dawo da ruwa da wani abu a faranti, an yanka shi dogo-dogo kamar sabulun wanki. Na gutsura. Gyaɗa na fara ji, sai riɗi, sai dabino, sai zuma ta ɗaure su gaba ɗaya. Na cinye uku ban ɗago kai ba. Ta ce sunansa giranola, ana yin sa da ot, wato hatsin nan na Turawa da ake sayarwa a gwangwani ana dama shi kamar kunu.

"Abin da ya sa na kawo miki shi, da hannu ɗaya ake ci," in ji ta. "Ke yanzu hannu ɗaya gare ki. Ranar Asabar ki zo."

Tun daga ranar na fara kiran ta Mama. Asabar na tafi da yarinyar, muka shimfiɗa ta a tabarma a bakin ƙofar kicin. Mama ba ta awo da komai sai wani tsohon kofin silba da hannunsa ya karye. Ot kofi uku, soyayyar gyaɗa kofi ɗaya a ɗan daddaka, riɗi rabi, dabino a cire ƙwallo a yayyanka. Ta narkar da man shanu da zuma a ƙaramar tukunya, ta juye a kai, ta ce in cuɗa. Muka zuba a tire, ta miƙo mini kofin ta ce in danna da gindinsa.

"Danna sosai. Ba jaririya ba ce, ba za ta yi kuka ba."

Muka sa a obin ɗinta na gas. Ƙamshin da ya cika gidan nan har yau ban san da me zan kwatanta shi ba. Mai gadi da kansa ya leƙo ta shinge ya ce, "Mama, yau ma biki ake?" Ta ba shi biyu.

Da na gwada ni kaɗai a gida, abin bai ɗaure ba. Ina sa wuƙa ya wargaje ya zama tsaki. Na zauna a kujerar tsuguno na yi ta kuka, kukan da na san ba na giranola ba ne kaɗai. Maigidana ya dawo ya tarar da ni haka. Ya ɗauko kwano ya ɗebi tsakin, ya zuba madara, ya ci da cokali a tsaye. Ya ƙara na biyu. Ya ce daga yau kada in kuskura in gyara. Gwajina na biyu kuwa ƙonewa ya yi, don na tafi canza wa yarinya nafkin na manta. A na uku ne ya fito daidai, na ɗauki tiren da zafinsa na zagaya shinge. Mama ta karya ɗaya, ta duba cikinsa, ta ce, "Kin ci jarrabawa, amma ba ki zo na ɗaya ba."

Sai ga Ummata ta zo duba mu, da kular farfesu da ƙullin kanwa. Ta buɗe firij ta ga robar da na jera giranola a ciki.

"Wannan kuma fa?"

Na yi mata bayani. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta sunsuna, ta gutsuri kaɗan kamar mai ɗanɗana magani.

"Ai kantu ne," in ji ta. "Kantu ne aka sa shi a boko. Amma wace mai jego ce ke cin abu babu citta babu kanumfari? Wa ya koya miki?"

Da na ce Mama maƙwabciyarmu ce, sai ta yafa mayafi ta ce in raka ta wurinta. Na san Umma, ba ta ɓoye magana. Suka gaisa, ta yi godiya sosai a kan ranar da na faɗi, wadda ban san maigidana ya gaya mata ba. Daga nan ta kawo zancen citta. Mama ta ce citta za ta danne ƙamshin zuma. Umma ta ce zuma ba ta gyara cikin mai jego. Ba wadda ta sauka, sai suka ce a gwada a gani.

An gama haɗi ke nan aka kunna obin, gas ya ce ga garinku. Umma ko a jikinta. Ta aike ni wurin mai gadi in karɓo yashi daga tarin da ke gefen get, ta zuba a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kurfoti, ta sa ƙaramin tire a ciki ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Mama ta tafa hannu tana dariya, ta ce haka suke gasa kek a makarantar kwana tun tana 'yar aji ɗaya. Suka zauna a inuwar mangwaro suna fifita wuta, suna hirar Zariya da Kano ta da, da yadda ake haihuwa a zamaninsu, jikar tana yawo daga cinyar wannan zuwa ta waccan. Ni kuwa na kishingiɗa a tabarma, barci ya kwashe ni da rana tsaka, irin wanda rabona da shi tun ina gida. Da na farka har sun yanka. Gefe ɗaya ya ɗan yi duhu. Mama ta ce cittar ta yi yawa, amma ta ci biyu.

Da hutun haihuwata ya ƙare na koma aiki, giranola ne karin kumallona a cikin adaidaita sahu, yarinya a cinya, jaka a kafaɗa. Abokan aikina suka riƙa leƙa jakata. Kowace Asabar kuma ina kicin ɗin Mama, ko da na riga na iya, har yarinyar ta fara rarrafe tana jan zanenta, har ta fara tafiya tana satar dabino daga faranti.

Shekararmu huɗu muna haka, sai ɗan Mama ya zo ya tafi da ita Zariya, don ƙafafunta sun fara ba ta wahala. Mu ma daga baya muka tashi zuwa Giginyu. Na haifi biyu bayan ta fari, kuma ban ƙara shan irin waccan wahalar ba, don na riga na san kan abin. Amma ban ƙara samun Asabar irin waɗancan ba.

Bara muka je gaishe ta, ni da babbar 'yata, wadda yanzu ta kai kafaɗata. Ita ta gasa giranola da hannunta, ta ɗauko a cinya tun daga Kano. Muka tarar da Mama a kujera a baranda, ta rame, haƙoranta sun zube saura kaɗan. Ta daɗe tana kallon yarinyar kafin ta yarda ita ce. Da aka buɗe robar ta ɗauki ɗaya, ta gwada da gefen baki, ya gagara. Ta sa surukarta ta haɗo shayi, ta tsoma shi a ciki har ya yi laushi, ta ci a hankali da cokali. Ta tambayi yarinyar ajinsu nawa, da wane darasi ta fi so. Muka yi sallar la'asar a ɗakin surukar, muka kamo hanya tun da sauran rana.