Gonar Baffa Ta Tare Hanya

Gonata a fadamar Haɗeja tana can ƙurya, bayan ta baffana. Duk abin da zai shige ta sai ya ratsa tasa. Shekarar da injin girbi ya fara zuwa mana, shinkafata ta nuna har tana zuba, tasa kuwa ko kai ba ta sunkuyar ba, don shi ba ya dashe sai ranar da ya ga dama.

Direban ya tsaya a bakin hanya, ya dubi koriyar gonar Baffa, ya ce, "Malam, injin nan fa ba ya tashi sama." Ya juya ya nufi Miga. Ina ji ina gani na koma wa lauje da bugu a jikin duro, tsuntsaye suna ta ɗibar rabonsu. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Da shekara ta zagayo na zuba irin da zai ishi gona biyu, na same shi a zaure.

"Baffa, bana rana ɗaya za mu yi dashe."

"Ni inji zai sa wa rana?"

"Ba inji ba ne, ni ne. In ba ka fito ba, da hannuna zan dasa maka."

Bai fito ba. Na dasa tasa kafin tawa, bayana kamar zai karye.

Da kaka injin ya shiga ta gonarsa, ya yanke, ya casa, ya zarce tawa. Baffa yana tsaye yana murza shinkafar a tafin hannunsa. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Baɗi ka zo da wuri."