Neman Ƙarfen Kyamarar Baba Daga Taura Zuwa Miga

Mun tashi da asuba daga Dutse, ni da ƙanina, a 'yar motarsa da ba ta tashi sai an lallashe ta. A cinyata akwai kyamarar Baba naɗe cikin ɗankwali. Tsohuwa ce 'yar Japan mai amfani da fim, irin wadda masu ƙera ta ma sun daɗe da daina yin ta. Da ita Baba ya ciyar da mu. Lokacin da yake da ƙarfi, ba a saukar Alƙur'ani a unguwarmu bai je ya ɗauki hoton mai sauka riƙe da allo ba.

Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga nan ya daina fita ko zaure, magana ma sai an matsa masa. Da aka ce masa ranar Lahadi za a yi walimar saukar 'yata ta fari, sai ya ce a ɗauko masa kyamara, shi zai ɗauke ta. Shi ne abu na farko da ya nema da bakinsa tun da ya kwanta. Ƙanina ya sa aka aiko da fim daga Legas, amma da Baba ya ja hannun da ke tura fim gaba, sai hannun ya tafi sakaka. Mai gyaran agogon kasuwa ya buɗe, ya ce wani ɗan ƙarfe mai haƙora ne ya karye, kuma babu shi a shago, sai dai a ciro daga wata irinta. An duba mana Kano ba a samu ba. Baba ne ya tuna abokan sana'arsa biyu da suka sayi iri ɗaya tare, ɗaya a Taura, ɗaya a wani ƙauye na Miga. Ga shi kuma walima gobe.

Hanyar Kiyawa zuwa Jahun ba laifi. Kaka ta yi, dammunan gero jingim a gonaki, ga riɗi an tsayar yana shan rana. A Jahun muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan bana ya rame, sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. Ƙanina bai daina mitar tsadar mai ba har Gujungu, inda ƙamshin soyayyen kifi ya rufe masa baki.

A tashar Taura muna tambayar gidan mai hoto, wani mai baƙin tabarau ya buɗe mota ya shigo ba wanda ya gayyace shi, wai zai raka mu. Ban yarda da shi ba tun daga yadda yake leƙen cinyata. Muna tafe ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, kyamara kaɗai kuke saye, ko har da keken ɗinki?" Ban gane inda ya dosa ba, na yi masa banza.

Mai hoton ya rasu da daɗewa. Ɗansa ya fito mana da wani kwano, ya ajiye a gabana. Kyamarar ce a ciki, an farfasa ta da guduma. A nan na ji labarin da ban taɓa ji ba. Wai Turawa sun ɓoye wani jan ruwa mai tsada, makuri suke ce masa, a cikin tsofaffin kaya irin su keken ɗinki da dutsen guga na gawayi da agogon bango, kuma wai duk wanda ya samu ko ɗigo ɗaya ya yi bankwana da talauci. Shi ya sa suka fasa ta. Ba su ga komai ba, amma har yau suna ganin wurin da ya dace ne ba su fasa ba. Na sa yatsa na tona tarkacen, na sami ƙarfen da nake nema ya baje kamar an taka marfin kwalba. Ina ajiye shi ɗan ya fizge kwanon ya shige gida. Mai tabarau kuwa ya riƙe ƙofar mota wai a sa shi a harkar, da ƙyar muka yakice shi.

Mun juyo ta Jahun za mu kama hanyar Miga, sai ƙanina ya ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, hoto kawai Baba zai ɗauka da ita?" Uwa ɗaya uba ɗaya fa! Na ce ya dubi hanya kafin in kwaɗa masa kyamarar a ka. Raina ya ɓaci sosai, amma kuma na lura ni ma na ƙara ƙanƙame ta.

Hanyar ƙauyen ruwan damina ya cinye ta, muna tafe mota na kukan wahala, amalanken shanu na wuce mu. Ashe labari ya riga mu zuwa ta waya, aikin mai tabarau ne ba shakka. Muna isa muka tarar da maza cike a gindin darbejiya, wani yana cewa masu sayen makuri sun iso. Aka tsare ƙanina a waje da tambayoyi, ni kuma da yake mace ce na yi sallama na shige cikin gidan mai hoton.

Matar marigayi Malam Sale mai hoto, ɗaya abokin Baban, tsohuwa ce mai fara'a, kowa Inna yake ce mata. Ta dama mini fura, ta tuna Baba sarai, har da yadda yake tsawatar wa mutane su daina rufe ido. Ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta warware tsumma, sai ga kyamara irin tamu sak, gilashinta ya yi hazo amma hannunta yana kamawa. Na yi hamdala. Ta ce an raba gado har da akuya da tabarma, kyamarar kaɗai aka bari, don an kasa yanke mata ƙima.

Babban ɗanta ne ya shigo, dogon manomi mai ƙarancin dariya. Na ce a sayar mini, ya ce a'a. Na ƙara kuɗi, ya ƙara tsuke fuska. A nan na gane duk abin da na ƙara, tabbatar masa nake yi cewa akwai wani abu a ciki. Sai na sauya, na ce ba duka nake so ba, ɗan ƙarfe ne bai kai ƙwayar wake ba. Ya kalli uwarsa ya gyaɗa kai ya ce, "Kin ji ko, Inna? To ai a nan abin yake." Na buɗe tamu na nuna masa, na ba shi labarin Baba da walima, ya ce labari ne mai kyau, wanda ya tsara shi ya iya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na takaici ne zalla.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Kai dai ɗauke ta ka bi su Dutse, a buɗe a gaban idonka. In akwai, naku ne. In babu, ka bar wa 'yar nan ƙarfenta."

Dawowar ba daɗi. Ya zauna a baya, kyamarar cikin rigarsa. Kafin mu tashi ya kira ƙaninsa ya karanta masa lambar motarmu da ƙarfi don mu ji. Na miƙa masa rake ya ce ya ƙoshi, na miƙa ruwan leda ya ce ba ya jin ƙishi, alhali leɓensa ya bushe. Ni ma ba a bar ni a baya ba, na hango kuben wuƙa a ƙugunsa, na yi ta satar kallonsa ta madubi har Shuwarin. Mutum uku a mota, kowa na tsaron kowa.

Mun sami mai gyaran agogo yana shirin rufewa bayan la'asar. Ya kwance kyamarar Malam Sale a kan farin ƙyalle, baƙonmu ya kusa sa hancinsa a ciki. Abin da aka samu ƙura ce da busasshiyar tururuwa. Babu ja, babu ruwa. Aka ciro ɗan ƙarfen, aka juya masa shi gaba da baya ya gani, sannan aka sa a tamu, hannun ya kama. Na waiwaya in yi masa dariyar da na tanada tun daga Miga, sai na ga fuskarsa, na fasa. A hankali ya ce shanun huɗa suka yi niyyar saye da ita. Tausayinsa ya kama ni. Duk da haka ya ce ba inda za shi sai ya ga abin da za mu yi da tamu, don haka a zaurenmu ya kwana.

Da hantsi aka fito da Baba ƙofar gida a kan kujera, cikin farar babbar rigarsa. Yarinyar ta tsaya da allonta mai zayyana, jama'a sun kewaye. Baba ya ɗaga kyamara da hannun dama, na hagun ya ƙi tashi. Ta karkace, ya gyara, ta sake karkacewa. Na san in ya sauke ta a cinya shi ke nan, ɗaki zai koma ba zai ƙara fitowa ba. Ni da ƙanina muka tsaya kamar an dasa mu, don ba mu san inda ake kamawa ba.

Baƙon nan ne ya ratso mutane ya durƙusa a gefen kujerar. Ya shimfiɗa tafinsa a ƙarƙashin kyamarar, yatsunsa nesa da gilashi, kamar wanda ya saba. Ya ce, "Baba, ja numfashi ka riƙe." Baba ya danna, ta ce ƙyas. Mutumin ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Haka ta babanmu take kuka." Baba kuwa ya sa babban yatsa ya ja hannun, ƙarfen Malam Sale ya tura fim gaba, sai muka ji muryar da muka yi shekara ba mu ji ba: "Ke, kin rufe ido! Tsaya a sake."

Bayan an ci shinkafar walima ƙanina ya kai baƙon tasha. Wannan karon ya karɓi ruwanmu. Amma kafin ya shiga mota sai da ya roƙi a ba shi karyayyen ƙarfen da aka cire daga tamu, ya ƙulle a leda ya sa a aljihu, wai ko da wani abu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a wurin wanda rayuwa ta matse, gaskiya mai sauƙi ita ce mafi wuyar yarda. Mutanen nan ba mugaye ba ne, an sayar musu da fata ne, suka rungume. Ni ma da nake musu kallon marasa wayo, wuni guda na yi ina zargin hannun da ya zo ya tallafi na mahaifina. In za ku je neman tsohon kaya a ƙauye, ku bar yawan tayi, ku nemi tsohuwar gidan.

Fim ɗin yana Legas wurin wanki, ban sani ba ko hoton ya fito. Baba dai yanzu kullum da hantsi yana zaure, kyamara a cinya, duk wanda ya wuce sai ya ce masa ya gyara hularsa.