Mushe Gado da gitarsa

Innalillahi! Da safen nan aka bugo mini daga Matankari, wai Mushe Gado ya cika.

Shi ya koya mana karatu a lakkwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi, tun zamanin Nasara. Mushe muke ce wa malaman lakkwal, daga Faransanci. Ranar da na zo da zazzaɓi, a kekensa ya mai da ni gida.

Yana da gita mai tsirkiya shida, wani likita Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa, har da faifan garmaho guda na wani makaɗin Sifaniya. Daga faifan nan ya koya, da kunne kawai. Ya bar akaifun hannun dama suka yi tsawo don kaɗa tsirkiya, kowace Juma'a sai liman ya yi masa faɗa.

Yakan ce mana a Turai da can gita abin mashaya ce, yanzu ko ta shiga manyan zauruka. Mutum ɗaya ya zauna ya kaɗa, ba waƙa, ba rawa, jama'a su yi tsit har ya gama.

Mu kuwa Arewa, ina! Ran bikin hutu ya gwada a filin lakkwal. Bai yi nisa ba wata tsohuwa 'yar bori ta ce, "Ɗan nan, wace iska kaka kira da abin ga?"

Ya ce, "Inna, ba ta kiran kowa, saurare akai."

Aka fashe da dariya, har da ni. Ya mai da gitar cikin jaka.

Abin da ya nema ke nan duk rayuwarsa: a yi masa shiru sau ɗaya har ya kai ƙarshe.

Da damanar nan na je gaishe shi. Ido ya tafi, amma akaifun na nan. Ya ce, "Isa, zamna minti biyar, kak ka ce komi."

Ya fara kaɗa gitar ke nan direban motar da ta kawo ni ya danna oda a waje. Na ce, "Mushe, sai bayan girbi."

Ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya, ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Minti biyar, jama'a! Ga gero an girbe. Wallahi abin yana cin raina.

Allah ka gafarta wa Mushe Gado, ka haskaka kabarinsa. Wanda ya karanta, don Allah kada ya yi saurin rubuta mini komai. Ya ajiye waya, ya yi shiru minti biyar, sannan ya yi masa Fatiha.