Ƙasa Ba Kasa Ba Ce

Shekarar da aka sauya wa kwamfutocin jami'armu ta Wudil tsarin aiki, ni ke buga takardun da sashen noma ke raba wa manoman Utai. Kafin ma'aikacin kwamfuta ya iso teburina, na gwada kwamfutar abokiyar aikina wadda ya riga ya sauya wa tsari. Na nemi ƙ da ɗ da ɓ, babu ko ɗaya.

Da ya iso na nuna masa, ya ce, "Hajiya, ki sa k kawai. Ai za su gane."

Na ce, "Malam, in rubuta wa manomi kasa maimakon ƙasa? Ba za ka taɓa tawa ba sai haruffan nan sun fito."

Ya ce umarni ne daga sama. Na ce ya gaya musu ni na hana. Na zare wayoyin kwamfutata, na kulle ta a kabad, na koma rubutu da biro.

Shugaban sashe ya yi mini faɗa, ban buɗe ba. Bayan 'yan kwanaki ma'aikacin ya samo hanyar sa haruffan, ya sa wa kowa. Sai da na buga su da hannuna a ta abokiyar aikina sannan na ba shi tawa.